Ranar da Ƙurar Bennu ta Iso Duniya

Ranar Lahadi 24 ga Satumba, 2023, ƙarfe huɗu saura minti takwas na yamma agogon Nijeriya, lokacin da ake shirin sallar la'asar a Shanga da Yauri, wani ƙaramin akwati mai siffar ƙwarya a kife ya dira a hamadar Yuta ta Amurka. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, NASA, ta nuna saukar kai tsaye. Kumbon OSIRIS-REx ne ya sako akwatin bayan tafiyar shekara bakwai, ɗauke da ƙura da tsakuwar da ya ɗebo a 2020 daga Bennu, wani dutse mai faɗin kimanin mita 500 da ke kewaya rana.

Sauka daga sama ba ƙaramin aiki ba ne. Akwatin ya shigo iskar duniya da gudun kimanin kilomita 44,500 a awa, ba shi da inji, ba shi da birki. Iskar ce birkinsa. Duk wanda ya taɓa hura tayar keke ya san famfon yakan ɗauki zafi saboda matsa iskar da ake yi. Haka iskar da ke gaban akwatin ta matsu, zafinta ya haura digiri 2,500, garkuwar da aka yi masa tana cinyewa sannu a hankali. Ga kuma batun kusurwar shiga. Yaran bakin tafkin Kainji sun san idan aka wurga faifayin dutse a kwance yakan yi ta tsalle a kan ruwa, idan kuwa aka jefa shi a tsaye sai ya nutse nan take. To, kumbon da ya shigo a kwance ainun yana iya komawa sama, wanda ya shigo a tsaye kuma zafi da matsi su hallaka shi.

Masu kallo suna da dalilin fargaba. A wannan hamada ce akwatin kumbon Genesis ya rugurguje a 2004, domin laimarsa ba ta buɗe ba. A wannan karon ma ƙaramar laimar farko ba ta fito a kan lokaci ba, saboda kuskure wajen haɗa wayoyi. Allah ya sa babbar ta buɗe, akwatin ya taɓa ƙasa da gudun kilomita 18 a awa, gudun mai keke.

Mai karatu zai ce, me ya kai mutane wannan wahala a kan giram 121.6, alhali duwatsu na faɗowa da kansu? Ai ko a 1962 wani mai nauyin kilo 18, ɗan asalin duniyar Mas, ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina. Matsalar ita ce, dutsen da ya faɗo da kansa iska da laima da ƙasa sukan gurɓata shi kafin masana su same shi. Ƙurar Bennu kuwa a rufe ta zo. Shi ya sa a 2025 masana suka iya bayyana cewa sun sami 14 daga cikin sinadarai 20 da jikin mai rai ke gina furotin da su, tare da gishirai masu saurin narkewa, alamar cewa ruwan gishiri ya taɓa ƙafewa a cikin babban dutsen da Bennu ya ɓalle daga jikinsa. Ɗaya daga cikin gishiran nan dangin kanwa ne, irin wadda ake sayarwa a kasuwar Yauri.