Amalanke da Kusurwar Katanga

Idan rani ya tsaya a Lajawa aka fara kai taki gona, mai gidan da ke kan kwana ba ya sakin jiki. Amalanke ya ɗauko kaya har ya yi tozo, bijimai biyu na ja, yaro na riƙe da igiyar hanci. Igiyar ta tsinke ko sa ya firgita, sai ka ji rim, kusurwar katanga ta zube. Shi ya sa dattawa ke kafa kututture ko su girke ƙaton dutse a gindin kwana tun kafin a zo wurin.

Abin da ya faru ke nan a Baltimo ta Amurka ranar 26 ga Maris, 2024, sai dai amalanken can jirgin ruwa ne mai suna Dali, tsawonsa mita 300, ɗauke da kwantena kusan 4,700 zai tafi Siri Lanka. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare wutar jirgin ta ɗauke, injin ya mutu. Jirgi kuwa ba shi da birki. Nauyinsa ya ci gaba da tura shi har ya daki ginshiƙin gadar Francis Scott Key, ta rufta cikin kogi kafin a ce kwabo. Matuƙan sun samu sun yi kiran gaggawa, 'yan sanda suka tare motoci, amma leburori shida da ke cike ramuka a kan gadar suka rasu.

Masu bincike sun gano cewa wata waya ce guda da ba ta zauna daram ba ta jawo ɗaukewar wutar. Ni dai ban ɗora wa wayar nan laifi duka ba. Igiya takan tsinke ko a hannun wa take. An buɗe gadar a 1977, lokacin da jirage ba su kai haka ba. A 1980 wani jirgi da bai kai rabin Dali ba ya taɓa dukanta, shingen ginshiƙin ya tare shi. Jirage suka yi ta ƙiba, kariya tana nan jiya i yau. A wannan shekara ta 1980 jirgi ya kayar da gadar Sunshine Skyway a Fulorida, mutum 35 suka mutu, da aka sake gini sai aka kewaye ginshiƙan da manyan turakun kankare cikin ruwa, jirgi ya ci karo da su kafin ya kai ga gada. Na Baltimo ƙanana ne, Dali ya wuce ta gefensu abinsa.

Sai batun biya, inda ake jin kan mutane. A gaban dagaci, mai amalanke zai ce yaro ne ya yi sakaci, uban yaro ya ce igiyar ruɓaɓɓiya aka ba shi, mai taki ya ce shi haya kawai ya ɗauka. Haka can ma: kamfanin Grace Ocean na Singafo ne mai jirgi, Synergy Marine ke kula da shi da ma'aikatansa, Maersk ya yi shata. Kwana shida da hatsarin, biyun farko suka garzaya kotu da wata doka ta 1851 wadda ta ce kada a ci mai jirgi fiye da darajar jirginsa da kuɗin dakon da ya ɗauko, wato dala miliyan 43 da ɗoriya. Kamar mai amalanke ne ya ce ga karyayyen amalanken nan, ku sayar ku tada katanga. A Lajawa ko kunyar faɗa ba za ta bar shi ba. Daga baya kamfanonin biyu sun biya gwamnatin tarayya dala miliyan 102 kuɗin share hanyar ruwa kaɗai, sabuwar gada kuma kuɗinta biliyoyi ne.

A Maris 2025 hukumar binciken hatsari ta Amurka ta lissafa gadoji 68 a jihohi 19 ta ce a auna ko za su iya jure irin wannan duka.