Amanar da Ake Ƙullawa a Ɗakin Inji

A farkon 1942, sojan ruwan Japan sun tarwatsa jiragen Amurka da ƙawayenta a tekun Java. Daga wannan tarihi na gaske marubuci Taylor Anderson, tsohon malamin tarihi a jihar Texas, ya ɗauko zaren littafinsa Into the Storm na 2008. Wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Walker, wanda aka ƙera tun zamanin yaƙin duniya na farko, yana gudun ceton rai, ya kutsa cikin wata baƙuwar guguwa, ya fito a wata duniya mai tsibirai irin namu amma ba mutane. Halittu biyu ke rigima a can. Akwai Lemuriyawa, masu gashi da jela, zuriyar wata dabba mai kama da biri ta Madagaska, da ke zaune a kan manyan jiragen katako kamar unguwanni. Akwai kuma Grik, jinsin ƙadangaru masu cin duk abin da suka kama. Labarin ya kai littattafai 15 kafin ya ƙare a 2020.

Abin da ya riƙe masu karatu tsawon shekarun nan, a ganina, shi ne inda marubucin ya ajiye idonsa. Kyaftin Matthew Reddy yana nan, yana ƙulla yarjejeniya da shugabanni, har ma da Latin aka fara fahimtar juna, domin malaman Lemuriyawa sun gaji harshen daga wasu jiragen Turawa da suka ɓata a can ƙarnoni da suka wuce. Amma ƙawancen bai kafu ba sai da ya sauka ƙasan jirgi. Walker baƙin mai yake sha, kuma a duniyar can ba matatar mai ko ɗaya. Waɗanda suka san haƙar rijiyar mai su ne wasu 'yan wuta biyu, Isak da Gilbert, da abokan aikinsu ke wa laƙabi da Ɓeraye saboda ba sa fitowa daga ramin tukunyar tururi, ba sa kuma shiri da kowa. Waɗannan miskilai ne suka karɓi wata Balemuriya mai suna Tabby, suka koya mata sauraren wuta da karanta allurar tururi, har ta kwashi karin maganarsu. A wuri mai zafin da gumi ke shiga ido, mai riƙe maka sifana ba ka tsayawa duba jelarsa. Tambaya ɗaya ce: in bututu ya fashe, zai rufe bawul ko zai arce?

Wannan salo yana da asali. Gene Roddenberry, da ya ƙirƙiro Star Trek wanda aka fara haskawa a 1966, ya ɗora kyaftin ɗinsa a kan Horatio Hornblower, jarumin littattafan sojan ruwa na C. S. Forester, kuma har yau jiragen sararin samaniya na fim da yawa na da muƙaman sojan ruwa. Sai dai an daɗe ana kallon hafsoshi kawai. A shirin Star Trek na Deep Space Nine ne aka ba bakanike Miles O'Brien fili, tare da yaro Nog na jinsin Ferengi, wanda ya shiga soja ya rasa ƙafa a fagen daga. A 2020 kuma Lower Decks ya mai da ƙananan ma'aikata taurari gaba ɗaya.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma ba a banza ba. Suna cewa wannan tsohon labarin Bature ne mai kawo wa 'yan ƙasa wayewa, an dai sa masa jela. Akwai ƙamshin gaskiya, tunda bindiga da inji daga Amurkawa suka fito. Amma jirgin da ya rasa mutane da yawa ba ya motsi sai da sababbin hannaye, kuma a hankali Lemuriyawa suka fi yawa a cikinsa, suka zama hafsoshi masu ba mutane umarni. A tuna kuma cewa rundunar ruwan Amurka ta farkon 1942 ba ta barin baƙar fata ya wuce aikin kicin da hidimar tebur. Matuƙin da ya taso cikin wannan tsari, ya wayi gari yana sara wa mai gashi da jela, ya yi tafiya mai nisa, kuma mai karatu ya san da wa ake.

Suka ta biyu ta fi nauyi. An zana Grik a matsayin dodanni don a kashe su dubu-dubu ba tare da zuciya ta sosu ba, kuma duk wanda ya san yadda farfagandar yaƙi ke mai da abokin gaba dabba zai ji wani iri. Littattafan farko ba su tsira daga wannan zargi ba. Daga baya ne Anderson ya fito da Janar Halik, Grik mai tunani da sanin girman alkawari, ya kuma nuna cewa shugabanninsu ne ke kashe talakawan mayaƙa tun kafin hankalinsu ya nuna. Gyara ne da ya zo a makare, bayan an riga an tara gawarwaki. Ita kuwa Tabby, wadda babban injiniya Spanky ya so ya kora daga ɗakin wuta tun farko, ita ce ta gaji kujerarsa.