Ba Kowane Ciwon Gaɓa Ne Sanyi Ba: Jan Kunne Kan "Maganin Indiya"

Wata Lahadi ina kasuwar Mai'adua, sai ga mota da lasifika a kanta, mai ita yana ta kwarmato: "Sanyin ƙashi, sanyin gaɓoɓi, ciwon baya, ciwon gwiwa, ga maganin Indiya ya iso! Ayurveda ne, zallar ganye, babu kemikal!" Tallar magani a kasuwa ba baƙon abu ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka yi wa motar cincirindo. Na zaci dattawa zan gani masu dogara sanda, sai na ga samari ne majiya ƙarfi, 'yan acaɓa da 'yan dako da masu kora shanu, kowa yana laluben aljihu. Da na koma Daura na buɗe waya, sai ga irin wannan talla a WhatsApp da TikTok, har da alkawarin cewa kwalba uku za ta mayar da gwiwa sabuwa. Gaskiya na gaji da ganin wannan abu, don ya riga ya ci mu a gida.

Ɗan wata 'yar'uwata, yaro ɗan shekara 24, ya yi kusan shekara yana ɗingishi. Kowa ya gan shi sai ya ce sanyi ne. Aka yi ƙaho, aka yi gashi da ruwan zafi, daga baya aka haɗa shi da wata kwalba mai rubutun Indiya. Kwana biyu da fara sha ciwo ya lafa, gida ya ɗauki murna. Wata huɗu yana sha, kumatunsa suka ciko, ana ta cewa magani ya karɓe shi. Ranar da ƙafa ta ƙi takawa aka kai shi Kano, hoto ya nuna kan ƙashin cinyarsa ya mutu ya lotsa. Gwajin jini kuma ya nuna yana da wani nau'i na sikila mai sauƙi wanda ba mu taɓa sani ba. Likitan ya duba ya ce da mun zo tun farko da akwai abin yi ban da tiyata babba.

Shi Ayurveda ɗin, a taƙaice, maganin gargajiyar Indiya ne mai tsohon tarihi, da littattafansa da makarantunsa, kuma tun 2014 gwamnatin ƙasar ta ware masa ma'aikata tare da wasu hanyoyin magani irinsa. Masu shi suna danganta ciwon gaɓoɓi da rinjayen iska da bushewa a jiki, kusan yadda mu muke ɗora komai a kan sanyi. Zaizayar gaɓa kuwa ita ce guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashi ya cinye, ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ne ke fama da ita a 2019, kuma kusan kashi 73 cikin 100 nasu sun haura shekara 55. Wato cutar manya ce. Idan ka ga ta kama ɗan shekara 20 ko 30, to akwai abin da ya jawo ta, kuma wannan abin shi ne ainihin cutar.

A ƙasarmu na farkon abin zargi shi ne sikila. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita: ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayarta. Sikila tana toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu a hankali. Bayan ita akwai tsohon rauni na ƙwallo ko haɗarin babur ko ɗorin da ya karkace, da tarin fuka na ƙashi, da cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nonon da ba a dafa ba, da ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa, da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan gaɓoɓi, da ƙiba. Kowannensu da maganinsa daban. Ta yaya kwalba guda za ta ɗauke su duka?

Amma maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kuma ita ce jarin masu wannan kasuwa, ita ce: "Ai ganye ne, in bai yi magani ba, ba zai yi illa ba." Ban san wanda ya fara wannan magana ba, amma ya cuci jama'a. Zaƙami ba ganye ba ne? Samari nawa ya haukata? Ruwan tumfafiya fa, wa zai yarda a ɗiga masa a ido? Gwaska da tinya ai duk a daji suke tsirowa, kuma kakanninmu sun san dafi ne. Bahaushen da ya tashi a karkarar Baure ko Zango ya fi kowa sanin cewa akwai ciyawar da akuya ke ci ta faɗi. Yaya aka yi da an zuba ganye a kwalba an manna masa hoton wani mai rawani, sai mu mance da wannan sanin?

Kuma ma wa ya ce zallar ganye ne? A cikin Ayurveda akwai wani reshe da ake kira rasa shastra, inda da gangan ake haɗa magani da ƙarafa irin su zaiba da dalma da asenik, bisa imanin cewa an tsarkake su da ƙuna. A wani bincike da aka wallafa a 2004, wani likita a birnin Boston na Amurka, Robert Saper, shi da abokan aikinsa sun sayi irin waɗannan magunguna guda 70 a shagunan birnin suka auna, suka tarar 14 daga ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko asenik. A wani binciken da suka wallafa a 2008 sun auna guda 193 da suka saya ta intanet, sakamakon bai canza ba: kusan ɗaya cikin biyar. Wannan fa a Amurka ke nan, inda ake sa ido. To ina ga kwalbar da ta ratso iyaka a cikin buhu, ta sha rana a bayan mota daga wannan kasuwa zuwa waccan? Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a yi mana bayanin dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Tana lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa, tana rage jini, abin mamaki kuma tana sa ciwon gaɓoɓi da na ciki. Ka ga an je neman gira an rasa ido.

Abin da ya fi muni kuma shi ne algus. An sha kama magungunan da ake cewa na ganye ne, a Indiya da wasu ƙasashe, an tarar an niƙa musu ƙwayoyin asibiti a ɓoye, musamman ajin sitiroyid irin su Dexamethasone da Prednisolone, waɗanda 'yan mata suka sani a cikin haɗin "sha ka fashe". Su ne sirrin sauƙin nan na kwana biyu. Suna danne raɗaɗi nan take, fuska ta yi fam, mutum ya ɗauka lafiya ce ta zo. Amma shan su na tsawon lokaci ba tare da likita ba yana jawo ciwon suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya. Wato abin da ka saya don ƙugunka shi ne ke cin ƙugun. Ga ƙa'ida mai sauƙi: duk wani "ganye" da ya ɗauke maka ciwon shekara a dare ɗaya, ka ji tsoronsa.

Bayan haka, ko da kwalbar ruwan banza ce, ta ci maka abin da ba ya dawowa, wato lokaci. Mutuwar ƙashi tana da matakai. A farkonta ana iya rage wa ƙafa nauyi, a yi ƙaramar tiyata a ceci gaɓar. In ƙashin ya riga ya lotsa, sai dai a sa na ƙarfe, kuɗinsa kuwa miliyoyi ne, a sayar da gona da shanu. Tarin fuka na ƙashi yana warkewa da ƙwayoyin da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati, amma in an yi sakaci yana iya karya gadon baya ya zaunar da mutum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada a ce na yi wa maganin mutane kuɗin goro. Akwai abin kirki a cikinsa. A 2018 an wallafa wani bincike da aka yi a Jamus kan mutum 151 masu zaizayar gwiwa, aka ga waɗanda aka yi wa jinyar Ayurveda sun sami sauƙi sosai. Sai dai manya ne da aka riga aka tabbatar da cutarsu, kuma jinyar ta ƙunshi tausa da mai, da gyaran abinci, da motsa jiki, a hannun ƙwararru na tsawon mako 12. Ba kwalbar tasha ba ce. Haka kurkum da citta da wani ƙaron itace da Indiyawa ke kira shallaki suna ɗan rage raɗaɗi ga wasu. Shallakin nan ma ɗan'uwan hano ne, wato ararraɓin da ke dazukanmu. Amma rage raɗaɗi daban, sake tsirar da guringuntsi daban. Har yau babu wani magani, na Bature ko na Ba'indiye ko na Bahaushe, da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya cinye. Duk wanda ya yi maka wannan alkawari, aljihunka yake wa magani. Kuma ka lura, masu kuɗinmu da ke tafiya Indiya don ciwon ƙugu, asibitocin tiyata suke nufa, ba wurin masu jiƙo ba.

To mene ne abin yi? Da farko, duk matashin da ciwon gaɓa ya wuce masa mako biyu zuwa uku, ko yake ɗingishi, ko ciwon ƙugu yake sauko masa matsematsi ko gwiwa, ya je asibiti. In gaɓar ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, ko ana ramewa da gumin dare, ko ƙafa ta fara mutuwa, wannan ba na jiran gobe ba ne. A fara da asibitin da ke kusa, a nemi gwajin jini da hoton ƙashi. In hoto bai nuna komai ba alhali ciwo na nan, kada a ce shi ke nan, don mutuwar ƙashi a farkonta takan ɓoye sai an yi hoton MRI. In an tura ka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda ke wannan aiki tun 1959, ka daure ka je. Kuɗin motar bai kai na kwalba uku ba.

Ka san rukunin jininka, AA ne ko AS ko SS ko SC, ko da ba aure za ka yi ba. Ka gaya wa likita duk abin da ka sha, ka tafi masa da kwalbar, ba abin kunya ba ne. In kuma ka daɗe kana shan wani abu har fuskarka ta kumbura, kada ka yanke shi rana ɗaya da kanka, domin barin sitiroyid farat ɗaya yana iya kayar da mutum. Likita ne zai janye maka shi sannu a hankali. Ka rabu da haɗin kemis na "ciwon jiki" da ake ƙulla wa 'yan dako a leda, don Diclofenac da Feldene in an mayar da su goro suna huda ciki su kashe ƙoda, Taramol kuwa kowa ya ga yadda ya yi da samari.

Kada ka kwanta ka ce hutu ne magani. In dai likita bai hana ba, gaɓa tana son motsi: tafiya, keke, da atisayen ƙarfafa naman cinya da masu gashin ƙashi na asibiti ke koyarwa. Mai ƙiba ya rage, don kowane kilo guda da ya sauka yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Mai dako ya raba kaya biyu, ya durƙusa da gwiwa in zai ɗauka. Ɗan ƙwallon da ya gurɗe ya bari ya warke kafin ya koma fili. A dafa madara kafin a sha. Mai sikila ya yawaita shan ruwa, ya kiyayi sanyin hunturu da zafin bazara, ya riƙe asibitinsa.

In kuma ka nace sai ka gwada na ganye, to bayan an san cutar, kuma da sanin likita. Ka duba lambar NAFDAC, amma ka sani lambar da ta ƙare da harafin L ba shaidar warkarwa ba ce. Shi ya sa ake rubuta wa a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Wanda babu sunan kamfani, babu jerin abin da ke ciki, babu ranar lalacewa, ko kyauta aka ba ka kada ka kai shi baki. Mai ciki da mai shayarwa da yara kuwa, sam.

Ina kira ga hakimai da dagatai da masu unguwannin masarautar Daura, da limamanmu, da shugabannin kasuwanni da na tasha, su riƙa tambayar masu lasifikar nan takardunsu. Su ma masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda suka gada kuma suke tsoron Allah, su tsame kansu daga 'yan damfara, su riƙa tura abin da ya fi ƙarfinsu asibiti. Addini ya umarce mu da neman magani, bai ce mu sha abin da ba mu sani ba. Iyaye, in yaronku ya fara ɗingishi, kada ku ce sanyi ne. Ku kai shi a duba.