Ashe Takarda Ma Yaɓe Ake Yi Mata

Kwanan baya wani ɗalibina ya tambaye ni dalilin da ya sa takardar kalanda ke santsi da sheƙi, alhali ta littafin rubutu ba ta yi. Amsar ita ce yaɓe.

Idan aka duba takarda da madubin ƙara girma, za a ga fuskarta duk tudu da kwari ce, domin zaruruwan itace ne suka sarƙe da juna. Saboda haka masana'antu kan dama farin yumɓu ko garin alli da ruwa, su zuba sitaci ko danƙo don ya kama, sannan su shafa. Kaurin yaɓen bai kai na silin gashi ba.

To, yadda aka shafa shi ne ke raba takarda da takarda.

Hanya ta farko, wadda ta yaɗu tun shekarun 1950, ita ce a kankare rarar kwaɓin da wata siririyar wuƙar ƙarfe. Wannan kamar magini ne da cokalinsa yana filasta: kwari ya cika, tudu ya sami ɗan kaɗan. Fuska takan yi sumul, amma kaurin yaɓen ba ɗaya ba ne. In tudun ya yi yawa, wani wuri zai sha tawada fiye da wani, hoto ya fito dabbare-dabbare.

Hanya ta biyu, iska mai ƙarfi ce ke hure rarar. Ta uku kuwa, kwaɓin ne ke zubowa kamar labule, takarda tana wucewa ta ƙarƙashinsa. A nan yaɓen yakan bi tudu da kwari da kauri kusan ɗaya, kamar yadda ake shafa wa bango farar ƙasa. Santsin bai kai na wuƙa ba, amma yana rufe launin ƙasa-ƙasa na kwali. Haka kuma ya dace da takardar rasit mai kwafe kanta, domin wuƙa tana iya fasa 'yan ƙwayoyin launin da ke bayanta.

Don haka, 'yan'uwa, duk mai shirin buga kalandar ƙungiya ko katin biki, kada santsi kaɗai ya ruɗe shi. Ya nemi maɗaba'a ta buga masa gwaji guda, ya duba wuraren da tawada ta yi duhu, kafin ya biya kuɗinsa.