YADDA AKE TSARA FOM NA WAYA DON HARKAR SHANU

Mambobi da yawa sun tambaye mu mene ne wannan fom da ake turowa a waya a ce mutum ya cika. To, takardar tambayoyi ce irin wadda muka saba, sai dai tana kan intanet. Kowace tambaya da gurbinta. In ka cika ka danna "aika", amsarka sai ta faɗa cikin jadawali ɗaya: kowane mutum da layinsa, kowace tambaya da nata shafi. Google Forms, wanda ya fito a 2008, kyauta ne, amma sai da intanet. KoboToolbox kuwa ana iya cikawa a daji, in an samu layi a tura.

Aikin duk yana wajen tsara tambaya, don na'ura ba dillali ba ce, ba ta cewa "me kake nufi?" Ga misali. A tambayi kuɗin sa, mutumin Maraɗi ya sa 400, yana nufin jikka 400. Wani ya sa 80,000 da lissafin dala, tunda dala sefa 5 ce. Wanda ya dawo daga Jibiya ko Illela ya sa nasa da naira. Biyun farko kuɗi ɗaya ne, amma a jadawali sai a ga kamar sa ya yi tsalle. In da wannan aka fitar da farashin mako, wani zai sayar da hasara.

Saboda haka mu kiyaye abu huɗu. Na farko, gurbin kuɗi ya karɓi lamba kaɗai, a rubuta ƙarara cewa sefa ake nufi. Na biyu, nau'in shanu a yi masa jerin zaɓi: Azawak, Bororo, Gudali, Kuri, sannan "wani daban". Na uku, tambaya ɗaya gurbi ɗaya. Kada a haɗa bijimai da shanun tatsa. Na huɗu, sunan kasuwa da kwanan wata su zama tilas, fom ya ƙi tafiya sai an cika su.

Sannan amana. Yawan dabbar mutum sirrinsa ne, ɓarayin shanu ma na neman wannan labari. Kada a tambayi inda garke ke kwana, kuma a san wa ke riƙe da jadawalin. Duk fom da ya nemi lambar sirrin asusunka, rufe shi.

Kafin a tura wa kowa, a ba dattawa uku su gwada. Inda suka tsaya, nan gyara yake. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.