Gasar faretin makarantu: inda gardama kan maki ke tasowa

A Ranar Yara, 27 ga Mayu, da ranar 1 ga Oktoba, al'ada ce ɗalibai su yi fareti a hedikwatocin ƙananan hukumomi, irin su Nasko ta Ƙaramar Hukumar Magama a Masarautar Kontagora, Jihar Neja. 'Yan badujala na kaɗa ganga da busa begila, alƙalai kuma su fitar da gwanaye.

Akan duba daidaiton sahu, haɗuwar taku da kiɗa, tsaftar tufafi da yadda aka sara wa babban baƙo. Gardama kan taso ne idan alƙali ya haɗa duka ya ba da maki a dunƙule. Sabon yunifom na ɗaukar ido, har makarantar ƙauye da ta fi iya taku ta faɗi saboda talaucin iyaye. Wadda ta zo da makaɗanta kuma ta saba da bugunsu, saɓanin wadda sai a filin ta fara jin kiɗan.

A Amurka, ƙungiyar Drum Corps International, wadda ta fara gasarta a 1972, ta kasa maki 100 gida uku: 40 na armashin wasa, 30 na kiɗa, 30 na motsi da tsarin sahu. Kowane alƙali da fanninsa, ana kuma wallafa makin da ya bayar. Ko a can ƙorafi bai ƙare ba, musamman kan armashi, wanda ya dogara da ra'ayin alƙali. Sai dai wanda aka kayar yana ganin fannin da ya gaza, maimakon ya ji matsayinsa kawai ta lasifika.