Kwali A Hannu, Gona A Gida: Magana Ga 'Ya'yanmu Da Suka Gama Jami'a

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura, ya ratsa ta Ɗanbatta da damina, zai ga ƙasa wadda ba a bar fili ko kaɗan ba. Gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye, gero da dawa da gyaɗa da wake har bakin titi. A irin wannan ƙasa mai yawan jama'a, gonar da ta kai eka biyu babbar dukiya ce, kuma yawancin yaran da suka tafi jami'a daga nan, wannan 'yar gonar ce ta biya musu kuɗin makaranta. An sayar da buhun gyaɗa, an sayar da akuya, wani gidan ma an jinginar da gefen gona. Saboda haka ranar da yaro ya dawo daga Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello da kwalinsa, gida duka ne ke jin cewa wahala ta ƙare.

To, 'yan'uwa, ba ta ƙare ba tukuna, kuma gwamma a faɗa wa yaran nan gaskiya tun da wuri. Iyayen da suka yi ƙuruciya a zamanin da ake bin ɗalibi har makaranta da takardar ɗaukar aiki, har yanzu da wannan ma'auni suke auna 'ya'yansu. Wancan zamani ya fara gushewa tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, kuma da yawa daga masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa waɗanda a dā suke ɗiban ma'aikata sun rufe. Wanda yake so ya san yadda neman aikin gwamnati ya koma, sai ya tuna da ranar 15 ga Maris, 2014, sa'ad da hukumar shige da fice ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen wasa na ƙasar nan. Mutum fiye da rabin miliyan ne suka nema, kowa ya biya naira 1,000, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. A turmutsutsun ranar, fiye da mutum goma sha biyar suka rasa rayukansu.

Kuɗin da kawai mai digiri yake da tabbacinsa shi ne alawus na bautar ƙasa. An kafa wannan shiri a 1973 zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma wata goma sha biyu ne, ba ƙari. Alawus ɗin naira 19,800 ne daga 2011, ya koma 33,000 a 2020, sa'an nan aka fara biyan 77,000 a watan Maris na 2025. Mai karatu ya lura, wannan ya ɗara mafi ƙarancin albashi na ƙasa, watau naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ya kuma ɗara 71,000 da Jihar Kano ta amince wa ma'aikatanta. Ma'ana, ɗan bautar ƙasa wanda ba shi da mata ba shi da ɗa, yana karɓar abin da ya fi na wani magidanci mai iyali. Yaro da yawa ba ya gane haka sai watan da kuɗin ya daina shigowa.

Ga lissafi mai sauƙi. Idan ka ware naira 20,000 kowane wata, ka fito da 240,000. Idan ka matse ka ware 30,000, ka fito da 360,000. Ba mu ce da sauƙi ba ne, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Amma wanda aka tura ƙauye aka ba shi ɗaki a makaranta, zai iya. Abin da ke cin kuɗin nan sanannu ne: sabuwar waya, ɗinkin biki, da tafiye-tafiye gida kowane ƙarshen wata don a gan ka da kaki. Ka ware ajiyar ranar da kuɗi ya shigo, kafin ka taɓa komai, ka sa shi inda hannunka ba ya kai wa da sauri. Ka kuma je ajin koyon sana'a da hukumar ta shigo da shi tun 2012, wanda yawancin yara suke zuwa don a ƙirga su kawai.

Sai maganar gida. Da zarar an ji an fara biyanka, buƙatu za su taso: kuɗin makarantar ƙane, maganin Baba, gudummawar bikin 'yar gwaggo. Babu ɗan kirki da zai toshe kunne. Amma ka zauna da iyayenka tun watan farko, ka ce Baba, ga abin da nake samu, ga abin da zan riƙa aikowa kowane wata, ga wanda nake tarawa, ga kuma dalili. Iyaye sun fi kowa sanin irin shuka, gama ko yunwa ta yi tsanani ba a tuƙa shi. Idan ka yi musu bayani da wannan harshe, za su gane, watakila ma su ne za su riƙa kāre ka daga sauran dangi.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu. Bayan bautar ƙasa, idan wata shida ta wuce yaro na zaune, sai wani ya ɓullo, mai babbar riga da lambobin waya na Abuja, ya ce akwai gurbi a wata ma'aikatar tarayya, amma sai an ba da wani abu. Kuɗin da ake ambata ya fi ƙarfin manomi, saboda haka sai ido ya koma kan gona, ko kan shanun huɗa. Na san gidan da aka sayar da gonar gado a kan haka, aka kawo musu takardar kama aiki mai hatimi da komai, yaro ya tafi Abuja aka ce ba a san da zamanta ba. Yau ba aiki, ba gona, kuma uban yana ƙwadago a gonar da a dā tasa ce. Cinikin guraben aiki ba ƙage ba ne, har Majalisar Wakilai ta yi zaman bincike a kansa a 2023, kuma saboda ana jin labarin wanda ya saya ya samu, shi ya sa ɗan damfara yake samun kasuwa. Ko da aikin na gaske ne, toshiya ce, kuma wanda ya shiga ofis ta wannan ƙofa yakan fara tunanin yadda zai mayar da kuɗinsa. A ƙasar Ɗanbatta kuwa, inda kowace shekara magāda suke ƙaruwa gona tana ƙanƙancewa, wanda ya sayar da tasa da wuya ya sake mallakar wata.

Ɗan'uwan wannan dillali shi ne mai alkawarin ninka kuɗi. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM sun ga yadda aka kulle asusunsu a Disamban 2016, kuma ba a yi shekara goma ba CBEX ta rufta da dukiyar jama'a a Afrilun 2025. Abin takaici, masu ilimi ne suka fi faɗawa, domin su ne masu waya da intanet, kuma sau da dama wanda ya jawo su abokin karatu ne ko wanda ake zama benci ɗaya da shi a majami'a, shi ma ba da mugun nufi ba. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka tambaye shi me ake saya, me ake sayarwa. Haka nan manhajojin ba da rance ta waya, waɗanda idan ka makara kwana biyu sai su aika saƙon cin mutunci ga duk wanda ke cikin wayarka, har da fasto da surukai.

To me za a yi da ɗan jarin? A nan ne ɗan Ɗanbatta ya fi ɗan birni sa'a, ko da yake ba ya ganin haka. Ga madatsar ruwa ta Tomas kusa, inda ake noman rani. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a garin, inda akwai malaman da za ka tambaya kafin ka zuba kuɗinka a ƙasa. Ga kasuwar dabbobi ta Ɗanbatta wadda ake zuwa daga nesa, ga kuma kasuwar hatsi ta Dawanau a bakin Kano, inda ake ɗaukar riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen waje. Kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi take ci, wannan kuwa yana bukatar shiri ga mutanenmu: waɗansu sukan fito sujada su wuce, waɗansu su sami amintaccen maƙwabci ya tsaya musu da safe.

Abin da karatu ya ƙara maka a kan mahaifinka ba ƙarfin riƙe fartanya ba ne, gama a nan ya fi ka nesa. Abin da ka fi shi shi ne biro da littafi. Manomi da yawa bai san ko ya ci riba ko ya faɗi ba, domin ba ya rubuta kuɗin taki, da na ƙwadago, da na man injin ban ruwa. Kai za ka rubuta. Za ka iya karanta abin da ke jikin kwalbar maganin feshi, ka san gwargwadon da ake zubawa. Za ka iya buga waya Dawanau ka ji farashi kafin dillali ya zo ƙofar gida. Alal misali wake: kowa ya san da kaka yana araha, kuma ƙwari ne suke hana ajiye shi. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue a Amurka suka ƙirƙiro, idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba guba ba. Turkar rago ko biyu a bayan gida wata uku ko huɗu kafin Babbar Salla ma sana'a ce da 'yan mata masu digiri za su iya yi ba tare da sun bar gida ba, in dai an yi lissafin dusa da harawa tun farko.

Amma kada a ce mun ce noma ba ya kāyar da mutum. Masu tumatir a Kano ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki. Waɗanda kuma suka sayi masara da tsada suka ɓoye suna jiran ta ƙara tashi, sun sha mamaki a 2025 da farashin hatsi ya faɗo. Saboda haka kada ka zuba jarinka duka a abu ɗaya, kada kuma ka fara da bashi. Ka fara da abin da in ya lalace za ka iya tashi. Shekarar farko ta koyo ce, kuma babu kunya mai digiri ya bi wani dattijo wanda bai taɓa shiga aji ba, ya ce Baba, koya mini.

Kunyar ce ma babbar matsala. Za a yi magana, lalle. Za a ce dubi ɗan wane, duk bokon nan ga shi ya dawo yana ban ruwa. Masu wannan magana ba za su ba ka ko sisi ba ranar da ka rasa kuɗin sabulu, kuma su ne dai za su fara zuwa rance ranar da albasarka ta yi kyau. Iyaye ma su yi haƙuri su daina cewa yaro ya zauna ya jira kada ya zubar musu da mutunci. Zaman jira na shekara uku a gindin bishiya ya fi kowace sana'a lalata matashi.

Wannan ba ya nufin a jefa kwali a ƙarƙashin katifa a manta. Ka ci gaba da neman aiki ta hanyar da aka tallata a fili, wadda ba a biyan kowa. Makarantu a karkara suna kukan rashin malaman lissafi, kimiyya da Turanci, kuma ko albashin makarantar kuɗi ko ta ikilisiya kaɗan ne, yana riƙe mutum, ga shi ana tashi da rana a leƙa gona. Wanda bai karanci koyarwa ba zai iya yin difloma ta malanta bayan digiri, irin wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna take bayarwa, ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Wanda Allah ya ba shi aiki mai albashi, ya tabbatar an buɗe masa asusun fansho, gama dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya zuba 10, kuma ba kowane mai aiki ne yake zuba nasa ba sai an bi sawu. Wanda kuma ya yi karatu da bashin ɗalibai na NELFUND, ya sani shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya, kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu. Ba kyauta ba ce, a sa shi cikin lissafi.

Aure kuwa, ba mu ce a jira sai an gina gidan bulo ba, wannan jira ya jefa matasa da yawa cikin abin da ba shi da daɗin faɗa. Amma kada jarin da aka tara wata goma sha biyu ya ƙare a akwatunan lefe da hayar rumfa na yini ɗaya. Dattawan ikilisiya da zumuntar mata suna da abin yi a nan, domin su ne za su iya zama da iyayen yarinya su rage tsawon takardar kaya. Su ne kuma suka san wanda yake da gona ba mai noma ta, ko injin ban ruwa da ke ajiye, wanda za a iya ba yaro aro ko haya da shaidu.

Wanda zai gama bautar ƙasa da kaka, kada ya bari sai ya dawo. Masu noman rani sukan fara shuka da shigowar sanyi, wajen watan Nuwamba, wanda kuwa ya zo bayan haka sai ya tarar an kama wuraren da ke kusa da ruwa. Tun yanzu ya aika gida a tambayar masa fili da kuɗin hayarsa, a kuma ji ko akwai wanda za su haɗa kuɗin inji tare.